Gefen Ƙamus ɗin Baba

Kafin in fara, bari in sallami masu cika min akwatin saƙo da wa'azi. Wata ta rubuto wai, "Ke dai ki gode wa Allah, mata nawa ne ke neman miji mai shago uku?" Baiwar Allah, na bar miki shi, da shagunan, da turaren nan nasa mai sa ciwon kai. Amma ki karanta abin da ya same ni daga jiya zuwa yau tukuna, sannan ki dawo ki koya min godiya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ba miji, ba aikin ofis. Yayana yana ce wa zamana zaman kashe wando, ko da yake ni siket nake sawa. Wata bakwai ke nan ina koyon ɗinkin littafi da hannu a wurin wata tsohuwa da kowa ke ce wa Malama. Shi kuwa Mai Inji abokin Yaya ne, yana da shagunan buga kati da kalanda da littattafan makaranta. Tun bara Mama da Yaya suka gama aurar da ni gare shi a zuciyarsu, ni kaɗai ce ban sa hannu ba.

Abin da ya kai ni wurin Malama littafi ɗaya ne tak, ƙamus ɗin Baba.

Baba malamin makaranta ne. Shi ya tura ni karatun aikin jinya, ni kuma a shekara ta uku na tattara kayana na dawo gida, don in na ga jini jiri ke ɗibata. Ranar da na faɗa masa muka yi ta ba daɗi, har bakina ya suɓuce na ce, "Rayuwata ce, ba taka ba." Kwana uku bayan nan ya faɗi a banɗaki. Ya farfaɗo ba baki, ba hannun dama. Shekara biyu ya yi a kwance, kuma da ƙamus ɗin nan yake magana. Da fari nuna kalma yake da yatsa, daga baya ya koyi riƙe biro da hagu. Sai ya karkata littafin ya yi rubutu a gefen shafi, wurin farin nan da ba bugu, yana bin tsawonsa daga sama zuwa ƙasa. An kawo masa littafin rubutu ya ture, don zamewa yake daga cinyarsa, ƙamus kuwa shafi ɗari tara ne, inda ka ajiye shi nan zai zauna. Mama ce kaɗai ke iya karanta hagun nan tasa da sauri, ita ke fito mana da saƙo. Saƙon da ta fito min da shi a satin farko shi ne, "Ya ce kada ki shigo." Ban shiga ba. Shekara biyu ina tsayawa a bakin ƙofa ina gaida labule, har ranar da aka fitar da shi.

Bayan rasuwarsa Mama ta jefa ƙamus ɗin a sito, daidai inda rufi ke yoyo. Da na tsinto shi a ɓoye, bango ya fita, zare ya ruɓe, shafukan ƙarshe sun manne da juna. Na rantse sai na gyara shi da hannuna, sannan in zauna in karanta abin da ya rubuta a kaina, ko tsinuwa ce in ji ta daga gare shi. Abin da nake nema a duniya ke nan: in san ko Baba ya tafi yana fushi da ni.

Shagon Malama ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin tayoyi. Taga ɗaya, dogon tebur, matsi na ƙarfe mai abin murzawa a ka, gwangwanayen gam, da yadi a nannaɗe a kan kanta. Shekara talatin ta yi tana gyaran littattafai a wani babban laburare kafin ta ajiye aiki. Tabaranta da zaren ɗinki ta ɗaure shi, bakinta kuwa ba wanda ya isa ya ɗaure.

Ranar farko ta dubi ƙamus, ta dube ni sama da ƙasa.

"Da can me kike yi?"

"Karatun nas na fara."

"Kika gama?"

"Na bari."

"To, Nas, wannan ma bari za ki yi. Kin gudu daga allurar asibiti kin faɗo wa tawa."

Daga ranar sunana Nas. Ta ɗaure ƙamus da igiya ta ɗora can saman kanta, ta ce ba zan taɓa shi ba sai na fitar wa littafi goma doro, na banza, waɗanda in na kashe su ba mai kuka.

Doro shi ne lanƙwasar nan ta bayan littafi. Ku ɗauko tsohon littafi mai bangon kwali ku duba, bayansa a zagaye yake kamar bayan cokali, gabansa kuma ya ɗan lotsa ciki. Ba don ado ake yi ba. Shafukan littafi dami-dami suke, kowane dami a ninke, ana ɗinke su ɗaya bayan ɗaya ta cikin ninkin da zare mai kakin zuma. Zaren nan yana sa baya ya fi gaba kauri, in aka bar shi haka, shekara kaɗan littafi zai zubo gaba ya yi tumbi. Don haka sai a shafa gam siriri a bayan, a jira, a kwantar da shi a tebur, a tokare gaban da babban yatsa, a bi gefen bayan da guduma a hankali, a juya, a sake, har ya zagaye. Sannan a matse shi, a lulluɓe doron da yadi, a sa bango.

Masifar duk a jiran take. In gam da danshi kika buga, dami ya zame. In ya bushe ƙayau, ya tsage. Malama ba ta duba agogo, bayan yatsa take ɗorawa. "In ya kama ki, jira. In ya sake ki amma da sanyi-sanyinsa, buga."

Shida na kashe da hannuna, ban ɗora wa kowa ba. Na bakwai kuwa Mai Inji ne ya kashe min shi. Na shafa gam ina jira, waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina.

"Gimbiya, kin ci abinci?"

Na share.

"Na ga alamar kin karanta."

"Ina aiki."

"Wane aiki? Abin da kike wata guda a kansa, injina minti huɗu yake yi. Ki zo in ba ki ofis mai sanyi."

Kun san halina. Na tsaya rubuta masa amsa mai sakin layi uku, har da gyara wasu kalmomin don su fi zafi. Ina juyowa na ɗauki guduma ko taɓa gam ɗin ban yi ba, na buga. Ƙas.

Malama ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ji. Miƙo wayar."

Ta jefa ta a wani tsohon gwangwanin gam ta danne murfi.

"Wane ne?"

"Wani ne."

"Wanin nan ya iya ɗinki?"

"Inji gare shi."

"To ki aure shi mana ki huta, littattafai ma su huta da ke."

Na haɗiye, don in na buɗe baki ranar da sai dai a raba mu. Na takwas ya karkace, na tara ya yi doro ɓangare ɗaya kamar wanda ya kwana a kan hannu. Na goma ta juya shi, ta buɗe, ta rufe, ta sake shi ya faɗi a tebur, ta ce, "Ba laifi." A wata bakwai yabon da na samu ke nan. Ta hau kujera da kanta ta sauko da ƙamus.

Sati uku na yi ina raba shafukan da suka manne, da bakin ƙashin da muke ninke takarda da shi. Sati biyu ina ɗinki, dami hamsin da shida. Na san abin da za ku tambaya: kina juya shafukan nan kullum, me ya hana ki karantawa, ko ki ɗauki hoto? Tsoro ne, ba wani abu ba. Hagun Baba ba ta karantuwa da kallo ɗaya, sai an zauna an bi ta harafi-harafi, ni kuma kwali nake ɗorawa a kan gefen in rufe. Sau da yawa idona ya tsinci "Auta" kafin kwalin ya sauka. Na ce wa kaina sai ya zama littafi tukuna.

"Tela mai rufe ido," in ji Malama da ta lura.

"Ke kin karanta?"

"Mai ɗinki ba ya karanta gefen mutane. Ki saurara, dokoki biyu ne. Tsohon littafi ba a yanke masa baki, yadda ya zo da gefensa haka zai koma. Littafin da aka ɗinka ba a sa wa bango ba kuma, ba ya kwana a waje. Kin ji ko in rubuta miki a goshi?"

Na ji. Jiya na karya ta biyu.

Da safe wurin shan shayi Yaya ya ce wata bakwai ko takarda ɗaya ba a gani ba, ƙila yawo nake zuwa. Maganar ta tsaya min a rai har yamma. Na ƙulle dami na ƙarshe, Malama kuma ta tafi asibitin ido ta bar min makulli. Na naɗe ƙamus a mayafina na rungumo shi zuwa gida, niyyata in nuna musu in mayar da sassafe.

Mama na falo tana ninke wanki, sanye da doguwar rigarta ruwan toka ta zaman gida. Yaya ya miƙe ƙafa a doguwar kujera yana danna waya. Na ajiye a teburin tsakiya na yaye mayafin.

Yaya ya fashe da dariya. "Wannan ne aikin wata bakwai? Ko bango babu, ga zare na reto, baki kamar ɓera ya ci ya rage."

Mama ba ta yi dariya ba. Tawul ɗin da take ninkewa ya tsaya a hannunta.

"A ina kika samo wannan?"

"A sito."

"Ban ce miki ki fita harkar kayan sito ba?" Sai ta ƙara da sauri, "Kin karanta?"

"Tukuna. Sai na gama."

Ta ci gaba da ninke tawul, ta ninke shi har sau biyar, abin da sau uku ake yi. Na gani, amma ban kawo komai a raina ba. Na kwashi kayana na sa a wadrob ƙarƙashin zannuwan gado.

Yau da sassafe, ina shirin fita, Mama ta ce in raka matar Yaya awo, ƙafarta ta kumbura, ba za ta iya bin layi ita kaɗai ba. Na ce in fara biyawa shago. Ta ce, "Shago ya fi cikin mutum?" Na bi. Layin kuwa kamar ana rabon kyauta, sai wajen ƙarfe ɗaya muka dawo.

Farar motar Mai Inji na fara gani a ƙofar gida, sannan takalmansa masu tsinin baki a bakin falo, sannan turaren ya tare ni. Yana zaune cikin fararen kaya da suka sha guga har suna ƙara in ya motsa, agogo sai ƙyalli yake. An ajiye masa lemo a kofin baƙi. A kan tebur ga wani abu a naɗe da takarda mai walƙiya da jan kirtani.

"Gimbiya, sannu da dawowa. Zo ki buɗe da hannunki."

"Ba na karɓar kyauta."

"Buɗe, Auta," in ji Yaya. "Kada ki fara."

Na ja kirtanin. Fuskar Baba ce ta dube ni, hoton nan nasa na ranar da ya ajiye aiki, an ɗora shi a kan shuɗin sama da gajimare, bango sai sheƙi yake. Na ɗaga. Ya ƙanƙance. Bayansa a miƙe sak kamar katako. Bakinsa fari fat, sumul kamar sabon sabulu. Na buɗe, ya yi ƙara ya nemi rufe kansa. Bugun ƙamus na nan, amma daga inda kalma ta ƙare sai iska. Nan da can sai wutsiyar wani harafi na biro, ɗan ɗigo, ɗan lanƙwasa.

Ban san muryata za ta iya fita a hankali haka ba. "Ina gefen?"

"Wane gefe?" Ya gyara zama. "Ai duk ruwa ya ɓata shi, ga zane-zanen biro. Na gyare shi tas, gefe uku. Bayan ma na datse zarurrukan nan na zuba gam mai zafi. Awa ɗaya, Gimbiya. Na ce bari in hutar da hannun nan naki."

"Wa ya ba ka?"

"Ki ce na gode, ki bar tambaya," in ji Yaya. "Mutum ya bar aikinsa ya yi miki abin da kika kasa."

"Yaya, rubutun Baba ne. Maganarsa ce ta shekara biyu."

"A rage fanka, a kawo ruwa. Shi ne maganar?"

Na juya wurin Mama. Tana zaune a kujerarta, jakarta a cinya, ido a kan talabijin da ba a kunna ba. Ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Nan kaina ya ɗau zafi. Na dubi Mai Inji na ce, "Ciwo ya ƙwace wa Baba baki, kai kuma ka zo ka yanke masa harshe karo na biyu, ka naɗo min a takardar ado. Kai da ganina a gidanka sai dai a kalanda."

Yaya ya miƙe tsaye. "Ki maimaita."

"In maimaita maka ko in buga maka a kati?"

Matar Yaya ta riƙe masa hannu. Na suri littafin na fita, ko mayafi ban gyara ba. Na tsani mutumin nan a lokacin, na tsani Yaya, amma kaina na fi tsana, don ni na ɗauko da hannuna na kawo.

Malama na zaune da auduga a ido ɗaya lokacin da na shiga. Na ajiye a gabanta. Ta shafa bayan da yatsa, ta buɗe tsakiya, ta rufe.

"Na ce miki ba ya kwana a waje."

"Malama..."

"Dami hamsin da shida. Ɗinki mai kyau, ban faɗa miki ba don kada kanki ya kumbura, ashe ya riga ya kumbura. Garin neman gira kin rasa ido. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Ajiye min makullina ki fita."

Na ajiye. Kuka ya ƙwace min, irin mai majina, mara kyan gani. Na kai bakin ƙofa ta ce, "Ƙarfe nawa aka yanka?"

"Da safe."

"Yaushe suke share shago?"

"In za su tashi."

Ta miƙe tana laluben takalmi. "Wuƙar inji sau ɗaya take sauka. Abin da ta yanke a jere yake faɗuwa, shafi na bin shafi, in dai ba a sa masa tsintsiya ba. Ɗauko kwalin can da allunan matsi, Nas, ki daina min kukan banza."

Muka tari tasi. Duk hanya faɗa take, da ni, da direba, da masu inji na duniya baki ɗaya.

Babban shagon Mai Inji gilashi ne gaba ɗaya, sanyi kamar firji, warin tawada da zafaffen gam. Matar da ke kan kwamfuta ta taso za ta tare mu, Malama ta ratsa ta gefenta kamar ba ta ga mutum ba. Injin yankan na can ƙurya, a bayansa wani ƙaton akwatin katako cike da zirin takardu. Tsohuwar nan da ke kukan gwiwa kullum ta durƙusa a kan siminti.

"Kada ki tona. Zura hannu ta ƙasa ki ɗaga."

Na sama duk yankan kalanda ne, ja da kore. Muka ɗebe su a hankali. Can ƙasa launi ya canja, ya koma ruwan tsohuwar takarda. Bayan littafin na fara cin karo da shi, ɗinkina gaba ɗaya, zare a jere kamar ƙashin bayan kifi. Na ajiye shi gefe don in na ci gaba da kallonsa ba zan iya komai ba. Sannan muka kai ga na gaba, inda Baba ke rubutu. Faɗinsu bai fi yatsa ɗaya da rabi ba, sun rabu gida-gida amma ba su watse ba. Malama tana ɗagowa tana kwantarwa tsakanin alluna kamar mai ɗaukar jariri.

"Za su koma," in ji ta. "Ziri ɗaya, shafi ɗaya, da siririyar takarda da gam. Shekara za ki yi. Doro kam sai dai haƙuri, ya datse ninkin." Ta zaro wani ƙulli daga tsakiya ta danƙa min. "Karanta. Tsoron nan naki shi ya ja mana wannan."

Na zauna a ƙasa cikin shara. Na karkata zirin farko, na bi hagun Baba harafi-harafi.

"Shayin ya huce."

Dariya ta kama ni cikin kuka. Na ɗaga na biyu. "A rage fanka." Yaya bai yi ƙarya ba. Na uku ba komai. Na huɗu ba komai. Na biyar:

"Muryar Auta ce a ƙofa? A ce ta shigo."

Na karanta sau uku, ko idona ne. Na ɗaga na gaba.

"An ce ta ƙi."

Na ƙara gaba, ziri goma, ashirin, magani, ruwa, a buɗe taga, sai kuma:

"Yau ma daga waje ta gaishe ni. Ku ce mata ban riƙe ta ba."

Da wani, can gaba, biron ya huda takardar don dannawa:

"Nas ko ba nas ba, ta shigo in gan ta."

Jama'a, shekara biyu. Labule ɗaya ne tsakanina da shi, shuɗi mai furanni, har yau na san inda ya ɗan yage. Yana ciki yana kirana da hannun hagu, ina waje ina cewa "Baba ina kwana" kamar baƙuwa, kowa na zaton ɗayan ne ya ƙi. Ban yi ihu ba. Numfashi ne kawai ya gagare ni, har Malama ta buga min baya da tafin hannu, bugun da ya fi kama da duka.

Ta koma kan allunanta tana auna kaurin zirin da yatsa, ta ɗauko ƙamus ɗin ta gwada. Ta sake zura hannu a akwati har ƙasa.

"Da saura. Na ƙarshe babu, kusan shafi ɗari biyu. Su ne suka fi rubutu, ni na ga tawadarsu daga nesa."

"Ba sa nan."

Mai Inji ne. Ban san lokacin da ya shigo ba. Yana tsaye a bayanmu da makullin mota a hannu, fararen kayan sun fara yamutsewa, kuma karon farko tun da na san shi bai ce min Gimbiya ba.

"Ina ka kai su?" na ce.

"Ni fa ba jahili ba ne. Shekara goma sha biyar ina kan injin nan, na san ba a sa wuƙa a kan rubutun hannu. Da na gani na tsaya."

"Sai aka yi yaya?"

Ya dubi Malama, ya dubi ƙasa. "Mama ce ta kawo shi da kanta, kuna fita. Na nuna mata rubutun. Ta ce in yanke, baƙin ciki kawai yake tuna muku, in ina son ki in raba ki da shi. Nan ta tsaya, inda kike zaune, har wuƙa ta sauka. Ta sa hannu ta kwashi na ƙarshen ta zuba a jakarta. Ta ce kada in faɗa miki."

Jakar da ke kan cinyarta a falo. Tawul mai ninki biyar. Da kuma maganar da ta faɗa min a barandar asibiti ranar da Baba ya faɗi, sau ɗaya tak, ba ta sake ba: "Ke kika kwantar min da miji." Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take.

"Ka yanke dai," na ce masa. "Ka sani, ka yanke, ka naɗe, ka zauna kana shan lemo."



Malama ta ɗaure allunan da igiya ta rungume kwalin. "Waɗannan wurina za su kwana. Ke kuma gobe ƙarfe takwas, in kin makara kada ki zo." Ta zaro makullin shago daga jakarta ta jefa min a cinya, ta fita tana ɗingishi.

Ina cikin tasi saƙo ya shigo. Mama ba ta cika rubutu a waya ba, kira take yi.

"An ce kina can kina tonon shara. Sauran suna wurina. Ki dawo gida, ke kaɗai."

Yanzu haka ina zaune a bencin kantin da ke kallon ƙofar gidanmu, rana ta fara yin sanyi, awa guda ke nan ina danna muku wannan don ban san da wane baki zan yi wa uwar da ta haife ni tambayar da ke raina ba. Ziri ɗaya na ɓoye wa Malama, yana cikin rigata, wanda biro ya huda. Motar Yaya ba ta nan. Ƙofar gida a buɗe take, labulen falo a sake.

Tsaya. Hayaƙi ne ke fita ta tagar kicin, siriri, fari. Mu da gas muke girki.

Bari in ajiye wayar nan. Yau ko wa ya ce kada in shiga, sai na shiga.